Wanda ya manyanta bai taɓa zane ba: ta ina zai fara?

Ɗan_Takarda:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ke yawan maimaituwa. Mutum ya haura arba'in ko hamsin, wani ma ya yi ritaya, zuciyarsa na son zane tun yana yaro, amma ya kasa ɗaukar fensir. In ka tambaye shi sai ya ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko ya ce shi ko layi miƙaƙƙe bai iya ja ba. A ganina ba shekaru ne matsalar ba, kunya ce. To masana, haka ne ko ina ruɗin mutane? In haka ne, da wane kaya zai fara, me zai zana a makon farko? Don Allah a ba mu bayani takamaimai, ba "ka daure kawai" ba.

Malama_Inuwa:
Wa alaikumus salam. Kunyar tana da tushe, kuma in aka gane tushen tana raguwa. Yawancin yara suna daina zane tsakanin shekara tara zuwa goma sha ɗaya, lokacin da suka fara son abin da suka zana ya yi kama da na zahiri amma hannu ya kasa. To duk wanda ya ajiye fensir yana ɗan shekara goma, ran da ya sake ɗauka a nan zai tarar da hannunsa, ko da shekarunsa sittin. Sai dattijon da ya ƙware a sana'arsa, ake zuwa neman shawararsa, ya ga ya yi zane irin na jikansa. Nan take sai ya yanke wa kansa hukuncin rashin baiwa, alhali abin da takardar ke nuna masa kawai shi ne inda ya tsaya.

Abu na biyu, babba ba ya zana abin da idonsa ke gani, yana zana alamar da ya haddace ne tun yarinta. Ido: siffar ganye da ɗigo a tsakiya. Bishiya: sanda da curi a sama. Maganin wannan shi ne a hana ƙwaƙwalwa gane abin da ake zanawa. A samo zanen layi na wani gwani, wanda ba shi da inuwa, a kifa shi kai ƙasa, a rufe mafi yawansa da wata takarda, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan ana kwafar layukan kamar yadda suke. Kada a ce a rai "wannan hanci ne", a ce "wannan layi ya karkata dama, ya tsaya ƙasa da wancan." Minti talatin zuwa arba'in, ba a juyo shi sai an gama. Yawanci sakamakon yana fin wanda mutum zai yi a miƙe, kuma wannan shi ne hujjar farko da zai riƙe cewa gyaran na gani ne.

Mai_Gawayi:
Batun kaya, a taƙaita. Fensir HB da 2B da 4B, takardar buga rubutu ta A4 mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita, katako ko kwali mai kauri da za a maƙala takardar a kai, magogi mai laushi, da abin fiƙe fensir. Shi ke nan. Kada sabon shiga ya sayi littafin zane mai tsada mai kyakkyawan bango. Shafin farko na irin wannan littafi ya kashe wa mutane da yawa gwiwa, saboda mutum yana jin dole abin da zai sa a ciki ya dace da kuɗinsa. Takardar da ba ka jin zafin yaga ta ita ce ke sakin hannu.

Ga ma'anar haruffan: bakin fensir ba dalma ba ne kamar yadda ake zato, ma'adinin girafayit ne gauraye da yumɓu, dabarar da wani mai ƙirƙira mai suna Conté ya fito da ita a Faransa a 1795. In yumɓu ya yi yawa sai ya yi tauri, layinsa ya yi haske, shi ne H. In girafayit ya yi yawa sai ya yi laushi da baƙi, shi ne B. Lambar na nuna yawan taurin ko laushin, HB kuwa matsakaici ne.

Baƙin_Fensir:
Malam Mai_Gawayi, ni da zan rage ma. 2B guda ɗaya ya isa wata guda. Da shi za a samu toka-toka mai haske har zuwa kusan baƙi, in an koyi sarrafa nauyin hannu. Mai fensir uku yakan ɓata lokaci wajen canji maimakon kallo. Abin da za a guje wa shi ne 2H zuwa sama: sabon hannu yana dannawa, fensir mai tauri ya huda wa takarda kwari, ko an goge alamar na nan, in aka zo yin inuwa sai farin layi ya fito a tsakiya.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku yi haƙuri, amma kuna ta zagaye-zagaye. Baiwa gaskiya ce. Akwai yaron da ba wanda ya koya masa yana zana fuska ta fito sak. Kada mu sa dattawa su ɓata lokacinsu.

Ummu_Zane:
Ɗan'uwa Gaskiya_Ɗaci, ga mutum biyu ka duba. Anna Mary Robertson Moses, wadda aka fi sani da Grandma Moses a Amurka, an haife ta a 1860. Ɗinkin ado take yi, sai ciwon gaɓɓai ya hana ta riƙe allura, ta koma fenti gadan-gadan tana dab da shekara tamanin. A 1940 aka baje kolin ayyukanta ita kaɗai a birnin New York, ta ci gaba da aiki kusan har rasuwarta a 1961 tana da shekara 101. Na biyu Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Alabama. A 1939, yana da kimanin shekara 85, ya fara zane a bakin titi a garin Montgomery da guntun fensir da kwalayen da aka yar. Cikin 'yan shekaru ya yi zane sama da dubu, yau suna manyan gidajen adana kayan fasaha.

Gaskiya_Ɗaci:
Mutum biyu a cikin miliyoyi. Kuma ki duba ayyukansu da kyau, Hajiya, babu wanda ya iya zanen da ke kama da hoto a cikinsu. Ai kin ƙara mini hujja ne.

Malama_Inuwa:
A nan kam yana da gaskiya rabi. Ba daidai ba ne a riƙa nuna wa sabon shiga waɗannan mutane kamar alƙawari ne cewa shi ma zai shahara. Kuma gaskiya ne salonsu ba na kamanceceniya da zahiri ba ne. Amma a raba abu biyu. Zama fitaccen mai fasaha, wannan akwai rabo da baiwa a ciki. Iya zana kofi ya fito kofi, kujera ta tsaya da ƙafafunta, wannan awo ne da kwatance, ana koyar da shi kamar rubutu. Ba kowa ke zama gwanin rubutun hannu ba, amma ba mu taɓa cewa wani ba shi da baiwar rubuta harafi ba. Shi kuma yaron da ka ambata, in ka bincika za ka tarar tun yana ɗan shekara huɗu bai huta da zane a bayan littattafansa ba.

Tabarau_Biyu:
Akwai inda shekaru ke taka rawa, kuma ba a faɗa ba. Ido. Daga shekara arba'in zuwa arba'in da biyar ido ke fara kasa kama abu na kusa. Gilashin karatu an yi shi ne don tazarar kamar santimita 35 zuwa 40, wato takardarka, amma abin da kake zanawa yana mita ɗaya ko biyu. Sai takarda ta fito, kofi ya dushe, ko akasin haka. Mutum ya gaji cikin minti goma ya ɗauka rashin iyawa ne. Mafita: a sauko da gilashin kan hanci a riƙa kallon abin ta samansa, ko a matso da abin kusa da takarda, ko a yi wa mai gwajin ido bayanin tazarar biyu ya ba da gilashin da ya dace.

Sai zama. In takarda na kwance a kan tebur, samanta ya fi ƙasanta nisa da idonka, sai ka riƙa tsawaita abin da ke sama ba ka sani ba. In ka ɗaga takardar sai ka ga zanen ya miƙe kamar an ja shi. A jingina katakon a gefen tebur, ƙasansa a kan cinya, yadda fuskar takarda za ta kalli fuskarka. Wuya ma zai huta. Haske kuma ya zo ta hagu ga mai rubutu da dama, ta dama ga bahago, don kada inuwar hannu ta rufe bakin fensir.

Dattijo_63:
Madalla da wannan. To mai rawar hannu fa?

Tabarau_Biyu:
Baba, rawar hannu ta fi bayyana a layin da aka ja a hankali da yatsu. A riƙe fensir nesa da bakinsa, kamar tsawon ɗan yatsa, motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa, a ja layin da ɗan sauri. Kafin a sa fensir a takarda a maimaita motsin sau biyu ko uku a iska, sannan a sauke. A yi zane babba, ƙananan zane su ne ke tona rawa. In riƙon na sa ciwo a naɗa wa fensir ƙyalle ko roba ya yi kauri. Wurin aiki mai ƙananan bayanai kuma a dafa ɗan ƙaramin yatsa a kan takarda. Amma in rawar sabuwa ce, ko tana ƙaruwa, ko hannu ɗaya ne kawai, wannan a je wa likita tukuna, ba batun zane ba ne.

Ɗan_Takarda:
Na gode. Mu dawo kan makon farko. An zana zanen da aka kifa, sai me?

Injiniya_Mai_Awo:
Sai kofi. Kofi mara ado, a kan tebur, fitila ɗaya daga gefe, a kashe sauran fitilu. Kafin a ja kowane layi a auna. Miƙa hannu gaba ɗaya har gwiwar hannu ta miƙe, rufe ido ɗaya, saita bakin fensir da gefen kofin, ka zame babban yatsa zuwa ɗaya gefen. Wannan faɗinsa ne. Juya fensir tsaye ka ga sau nawa faɗin ya shiga tsayin. In sau ɗaya da rabi ne, ka sa ɗigo huɗu a takarda da wannan kason, ka zana akwati mai haske sosai, kofin ya shiga ciki. In ka lanƙwasa hannu a awo na biyu, ko ka canza idon da ka rufe, ko ka gyara zama, awon ya tashi daga aiki.

Kurakuran kofi guda uku ne kusan kullum. Ana zana bakinsa da'ira cikakkiya ko kusa da haka, saboda ƙwaƙwalwa ta san zagayayye ne, alhali daga inda kake zaune matsattsiyar da'ira ce, wataƙila zurfinta kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta. Ana yi wa gefunan bakin tsini kamar ganye, alhali komai matsewar da'ira gefenta lanƙwasa yake yi. Na uku shi ne wanda ya fi ɓata zane: a ja gindin kofi layi miƙaƙƙe saboda yana zaune a kan tebur. Gindin ya fi bakin nisa daga saitin idonka, don haka lanƙwasarsa ma ta fi ta bakin. A zana da'irar gindin gaba ɗaya, har rabin da ba a gani, da layi mai haske, daga baya a goge na bayan.

Kofi ɗaya, sau goma, daga tsayi daban-daban. Ba kofi goma ba.

Mai_Gawayi:
Zan ɗora a kan na Injiniya da inuwa. A gefen takarda a ja akwatuna biyar, na farko a bar shi fari, na ƙarshe baƙi iya ƙarfin fensir, uku na tsakiya su bi a jere. Sannan a runtse ido kaɗan a kalli kofin, ƙananan bayanai za su ɓace, manyan curin haske da duhu su rage. A fara da raba shi biyu kawai, ɓangaren haske da ɓangaren inuwa. Wuri mafi duhu a jikin kofin ba a can gefensa yake ba, yana ɗan ciki, saboda tebur yana mayar da haske kan gefen. Amma wannan hasken da ya dawo bai kai ko mafi duhun ɓangaren haske ba. In aka haskaka shi da yawa sai kofin ya baje. Mafi baƙi a zanen duka shi ne siririn wurin da gindi ya taɓa tebur. In aka manta shi sai kofi ya yi kamar yana shawagi. Kuma a daina murza inuwa da yatsa, maiƙon fata yana kama girafayit ya bar tabon da ba ya goguwa.

Baƙin_Fensir:
Ni dai shawarata ga mai tsoro ita ce ya ɓoye magogi sati biyu, ya ma yi zane da biro. Mai magogi yana jan layi ɗaya ya goge sau biyar, awa ta wuce bai gama komai ba. Da biro, in layi ya kauce sai ka ja daidai a gefensa ka wuce.

Ummu_Zane:
Ban yarda ba, yayana. Wanda yake jin kunyar kuskure ka ba shi abin da ba ya goguwa? Ai gudu zai yi. Dabarar ita ce kada a goge layin da ya kauce sai an ja na daidai, saboda shi kuskuren ne ke nuna maka inda za ka gyara. In ka goge tukuna, hannunka zai sake bin hanyar da ya bi.

Baƙin_Fensir:
To a yi biro a zanen minti biyu-biyu, fensir a dogon zane. Mun raba gardama?

Ummu_Zane:
Wannan na karɓa.

Sabon_Hannu:
Ni tambayata fuska. Kusan duk wanda ke son zane fuskar wani nasa yake so ya zana. Yaushe za a fara?

Malama_Inuwa:
Ba a watan farko ba. Fuskar wanda kake so ita ce jarrabawa mafi wuya, don idon ɗan Adam yana gane 'yar ƙaramar kaucewa a fuska, alhali a bishiya ko reshe ya kauce ba wanda zai sani. Mutane da yawa da fuska suke farawa, ta ƙi kama, su ajiye fensir har abada. In lokaci ya yi, ga ma'aunin babba in yana kallon gaba: idanu suna tsakiyar kai, rabi tsakanin ƙoƙon kai da haɓa. Kusan kowa yana kai su sama, saboda hankali na kan ido da hanci da baki, sai a yanke goshi da ƙoƙon kai. Tsakanin ido biyu akwai faɗin ido ɗaya. Kunne yana farawa daga wajen gira ya ƙare wajen ƙasan hanci. Wannan matsakaici ne, kamannin mutum suna inda ya saɓa wa ma'aunin, shi ya sa dole a auna shi kansa.

Gaskiya_Ɗaci:
Ko kuma a ja layukan murabba'i a kan hoto a kwafa gida-gida, kowa ya huta. Abin da da yawa ke yi ke nan suna kiran kansu gwanaye.

Injiniya_Mai_Awo:
Gidajen murabba'i ba haramun ba ne, tsofaffin gwanaye sun yi amfani da su wajen mayar da ƙaramin zane kan bango. Illarsu ita ce su ke yi maka awon, idonka ba ya koyo, ran da babu su sai ka tsaya cak. Kwafar aikin gwani da ido kuwa hanya ce ta koyo mai daɗewa. Van Gogh, fitaccen mai zane ɗan ƙasar Holland, sai da ya kai shekara 27, a 1880, ya yanke shawarar zama mai zane, kuma ya fara ne da kwafar darussan zane na wani gwani Bafaranshe, Charles Bargue, yana maimaitawa. Sharaɗin kawai a rubuta a ƙasa cewa kwafi ne. Hoton waya kuma a yi hattara: in an ɗauka daga kusa yana kumbura abin da ke gaba, hanci ya yi girma, kunnuwa su shige, kuma yana cinye bayanan da ke cikin inuwa. Rabin lokaci a zana abin da ke gabanka a zahiri.

Ɗan_Takarda:
Duk wannan dabarun hannu ne. Ita kunyar fa, wadda na fara da ita?

Ummu_Zane:
Ai duk abin da aka lissafa maganinta ne, Malam, amma ga ƙari. Ranar farko mutum ya zana hannunsa, ya rubuta kwanan wata, ya sa a ambulan ya rufe. Bayan kwana talatin ya sake zana hannun, sannan ya buɗe. Ci gaba a zane ba ya ganuwa daga yau zuwa gobe, sai an jera. Kada a yar da komai. A watan farko kuma ba dole ba ne a nuna wa kowa, har mutanen gida, don dariya ɗaya ta wanda ba ya nufin sharri tana iya rufe littafin. In za a nuna, a zaɓi wanda ke zane, kuma kada a ce masa "ya yi kyau?" A ce "nuna mini wuri ɗaya da awo ya kauce." Kafin nan ma madubi ya isa malami: ɗaga zanen a gabansa, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili.

Lokaci: minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar hutu. A bar katako da fensir a buɗe inda ake zama, don in sai an buɗe akwati ba za a yi ba.

Malama_Inuwa:
A kuma gargaɗi sabon shiga tun wuri game da sati na uku ko na huɗu. Zai ji kamar baya yake komawa. Dalili shi ne ido ya fi hannu saurin koyo, sai ya fara ganin kurakuran da da can ba ya gani. Nan ne manya suka fi yawan tsayawa, kuma shi ne ainihin abin da ya tsayar da su suna 'yan shekara goma. In ya zo, a rage tsawon zane, a koma na minti biyu da biro, goma a jere.

Gaskiya_Ɗaci:
Na ji. Har yanzu ina nan a kan cewa mutum biyu za su bi wannan tsarin, ɗaya ya wuce ɗaya nesa. Amma ambulan ɗin kam dabara ce.

Dattijo_63:
Tambaya ta ƙarshe. An ce zane a allon kwamfuta na hannu ya fi sauƙi tunda ana iya mayar da kuskure baya. A fara da shi?

Mai_Gawayi:
Baba, fuskar gilashi tana da santsi, alƙalami na zamewa, rawar hannu ta fi fitowa a kai sai an kunna abin daidaita layi. Ga kuma koyon manhajar kanta a kan koyon zane, aiki biyu ke nan. Maɓallin komawa baya ma magogi ne da ba ya ƙarewa, matsalar da Baƙin_Fensir ya faɗa ta ninku. A yi wata biyu ko uku a takarda tukuna.

Tabarau_Biyu:
Sai dai mai raunin gani sosai. Shi allon ya fi masa, don yana iya ƙara girman zanen da hasken yadda yake so. A manna wa gilashin leda mai kaushi irin ta takarda, santsin zai ragu.